Yadda za ka gina sarkin yaƙi matashi mai mutunci a labarinka

Masu rubuta labaran yaƙi irin na takobi da dawakai da bokaye da aljanu, wannan naku ne, ko a Wattpad kuke sakewa ko a guruf ɗin WhatsApp ko kuma littafi ne ake shirin kaiwa maɗaba'a. Abin da nake yawan gani shi ne marubuci zai buɗe babi na ɗaya ya ce mana jaruminsa ɗan shekara 19 ne, kyakkyawa, ƙaƙƙarfa, mai gaskiya, mai riƙon amana, mai tausayi, mai adalci, ya jero su reras a sakin layi guda, daga nan kuma har labari ya ƙare yaron nan ba abin da yake yi sai sare kawuna, shi kaɗai zai kutsa cikin dakaru dubu ya fito ko ƙwarzane babu. To sadauki ne, mun yarda. Amma ba shugaban runduna ba ne, kuma mutuncin nan da aka ce yana da shi mai karatu bai gani ba, ji kawai ya yi an faɗa.

Mutunci ba ya fitowa a labari sai a wurin da zai jawo wa mai shi asara. In cika alkawari bai rage masa komai ba to ba mu san ko mai cika alkawari ba ne, ƙila dai dalilin saɓawa ne bai zo ba tukuna. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya ginu.

Fara da tambayar da kowane tsohon mayaƙi a rundunar yake yi a ransa: wa ya ba yaron nan tuta, kuma don me? Dole ka samu amsa kafin ka rubuta layin farko. Ko ubansa ne ya faɗi a fagen fama tuta ta zo hannunsa ba shiri, ko annoba ce ta kwashe manyan gidan, ko Sarki ne ya ga wani abu a tare da shi da sauran ba su gani ba, ko kuma makirci ne aka ƙulla a fada aka tura shi don kar ya dawo. Kowace amsa tana ba ka mutum daban. Kuma kar ka ji tsoron wai mai karatu zai ce ƙarya ta yi yawa, yaro ya ja runduna, ai tarihi cike yake da su. A shekara ta 11 bayan Hijira, wato 632, Annabi (SAW) ya ɗaura wa Usama bin Zaid tuta alhali shekarunsa ba su wuce 20 ba, a rundunar da take da manyan sahabbai har da Sayyidina Umar, kuma an samu masu ƙorafi a kan ƙuruciyarsa. Bayan wafati Sayyidina Abubakar ya ƙi sauya shi, ya rako shi da ƙafa Usama yana kan abin hawa, sannan sai da ya nemi izininsa kafin ya riƙe Umar a Madina. Ka dubi wannan da idon marubuci: Halifa guda yana neman izinin yaro a gaban jama'a, me ya sa? Saboda rundunar ta gani, ta san umarnin yaron nan ba na wasa ba ne. Jaruminka ma yana buƙatar wani babba da zai yi masa irin wannan, ko kuma in kana so ka ƙuntata masa sai ka hana shi, ka bar shi ya nemo girman da kansa.

Can Turai ma haka. Ɗan Sarkin Ingila Edward, wanda ake wa laƙabi da Baƙin Yarima, yana da shekara 16 aka ba shi sahun gaba a yaƙin Kiresi a 1346, amma ubansa bai sake shi haka kawai ba, ya haɗa shi da gogaggun hakimai a gefensa. A 1177 kuma Baldwin na huɗu, Sarkin 'yan Salibiyya a Ƙudus, shi ma yana da shekara 16 kuma da cutar kuturta a jikinsa ya ci Salahuddin da yaƙi a Montgisard. Kenan ba dole ne ma jarumin ya zama ƙato mai ƙirar samudawa ba.

Yanzu ƙuruciyar ta fito a aikace. Wannan shi ne inda marubuta da yawa suke zamewa, su ce yaro ne amma yana magana da tunani irin na dattijo ɗan 70, bai taɓa gaggawa ba bai taɓa jin kunya ba. Haba. Yaro yana da zafin kai, yana son a ce ya iya, magana ɗaya a gaban mutane tana hana shi barci, yana yarda da mutum da wuri, yana tsoron a ce masa matsoraci fiye da yadda yake tsoron mutuwa. Kuma mu muna da wani abu da zai ba ka babi goma kyauta in ka iya amfani da shi: ta yaya yaro mai tarbiyya zai ba da umarni ga mutumin da ya goya shi, wanda ko sunansa ba ya iya faɗa? Ga misali yadda za ka iya nuna shi.

An taru a gaban tantin Yarima bayan isha, ya ce gobe da asuba za a haye kogi. Tsohon Barde ya daɗe yana kallon ƙasa, can ya ɗago ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan nan ban yarda da shi ba, jiya ya kai ƙirjin doki." Wurin ya yi tsit. Yarima ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi don a gaban kowa aka faɗa, kuma ya ga Madaki ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi. Ya ce, "Na ji, Baba. A je a kwanta." Sai da sansani ya yi shiru ya fito shi kaɗai ba ko dogari, ya isa tantin tsohon ya cire takalmi ya durƙusa ya ce, "Baba, lokacin da kuka zo nan da mahaifina, ta ina kuka haye?"

Ka ga ban ce maka yana da ladabi ba, ban ce yana da girman kan ƙuruciya ba, amma duka biyun sun fito, har da dabarar kare martabar tuta a gaban jama'a. Irin wannan tsohon ka tabbata akwai shi a labarinka, kuma kar ka mai da shi ɗan amshin Shata. Wani lokaci shi ne da gaskiya, wani lokaci kuma tsoron tsufa ne yake magana yaron ne da gaskiya, mai karatu kar ya iya sanin wanne ne sai abin ya faru.

Sai kuskure. Ba shi kuskure ɗaya babba tun farko-farkon labari, wanda jini ya zuba a dalilinsa, wanda kuma ba za a iya gyarawa ba. Ba irin kuskuren nan na wai ya cika tausayi ko ya cika jarumta ba, wannan yabo ne aka sa wa rigar aibi. Kuskure na gaske. Shi kansa Usama, Allah ya ƙara masa yarda, a wani yaƙi kafin wancan ya cim ma wani mutum, mutumin ya furta kalmar shahada, Usama ya ɗauka don tsoron makami ya faɗa sai ya soke shi. Da labari ya kai ga Annabi (SAW) ya yi ta maimaita masa faɗa, yana tambayarsa ko ya tsaga zuciyar mutumin ne ya gani, har Usama ya yi burin da ma a ranar ya musulunta. Abin bai bar shi ba har ƙarshen rayuwarsa, lokacin da fitina ta tashi tsakanin musulmi ya janye hannunsa ya ƙi shiga. To haka ake samun ɗabi'a mai tushe. In jaruminka ya ƙi kashe wanda ya ajiye makami a babi na 30, mai karatu ya san daga ina abin ya samo asali saboda ya ga abin da ya faru a babi na 4, ya ga daren da yaron ya kasa cin abinci.

Daga nan ɗauki takarda daban, wadda ba za ta shiga labarin ba, ka rubuta abubuwa uku ko huɗu da yaron nan ba zai taɓa yi ba ko da za a rasa yaƙin. Kar su wuce haka, in sun yi yawa sai ya koma wa'azi. In kana neman inda za ka ɗebo, wasiyyar Sayyidina Abubakar ga mayaƙa ta isa: kar a yi ha'inci, kar a ci amanar ganima, kar a wulaƙanta gawa, kar a kashe yaro ko tsoho ko mace, kar a sare itace mai 'ya'ya, kar a yanka dabba sai don ci, a ƙyale masu ibada a wuraren ibadarsu. Ko da duniyar labarinka ƙirƙirarriya ce mai nata addinin da nata alloli, irin waɗannan iyakoki suna aiki. Zaɓi naka, sannan aikinka na marubuci shi ne ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ƙirƙiro ranar da karya kowace zai zama shi ne abin da hankali ya fi ɗauka, ranar da mutanen kirki ma za su ce masa ranka ya daɗe yau kam a yi haƙuri a karya.

Bari in daɗe a kan alkawari don shi ne ya fi komai ba da labari. Bayan yaƙin Hiɗɗin a 1187 an kawo wa Salahuddin fursunoni biyu, Guy Sarkin 'yan Salibiyya na Ƙudus da wani hakiminsa Reynald, wanda ya karya yarjejeniyar zaman lafiya ya afka wa ayarin fatake. Salahuddin ya ba Guy ruwan sanyi ya sha, Guy ya miƙa wa Reynald, nan take Salahuddin ya sa aka gaya wa Guy cewa ba shi ya ba wannan mutumin ruwa ba, saboda a al'adarsu wanda ka ba ruwa ko abinci ka ba shi aminci kenan. Ya bar Guy da rai, ya kashe Reynald. Wannan ɗan ƙoƙon ruwan ya fi shafi biyar na bayani. Ya nuna maka mutum mai tsananin kula da abin da ya ɗauka a wuyansa, har yana lura da hannun da ƙoƙo ya bi, kuma ya nuna maka mai mutunci ba yana nufin mai laushi ba ne. Ƙirƙiro wa duniyarka irin wannan al'ada, gishiri ne ko goro ko taɓa linzamin doki ko shiga inuwar tuta, ka koya wa mai karatu ita tun da wuri, sannan ka ɗaure jaruminka da ita a mafi munin lokaci.

Misali a ce an ci gari, wani ƙaramin dakare ya ritsa Madakin abokan gaba a cikin turken dawakai, don tsoro ya ce masa ajiye takobi, na ba ka aminci da sunan Yarima. Da aka kawo shi sai ga shi shi ne wanda ya kashe yayan Yarima bara. Yarima bai ba da wannan alkawari ba, bai ma san an yi ba, amma da sunansa aka yi. Mayaƙa sun kewaye suna ihu, Madakinsa ya matso ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, yaron nan ba shi da hurumin ba da aminci, babu wanda zai zarge ka." Kuma gaskiya ya faɗa, babu mai zarginsa. Yarima ya dubi ƙaramin dakaren da jikinsa ke rawa ya ce, "Da sunana ka faɗa?" Ya ce, "Da sunanka, ranka ya daɗe." Ya ce, "To a kwance shi, a ba shi ruwa." Kar ka tsaya nan ka ce kowa ya yi ta yabonsa. Sam. Da dare mahaya 40 na gidan marigayin su sulale su tafi, in ya koma gida mahaifiyarsa ta ƙi amsa gaisuwarsa, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta yana cewa Inna ki saurare ni ta juya masa baya. Kuma don Allah kar ka yi saurin biyansa, wato kar fursunan nan ya dawo a babi na gaba ya ceci ransa. Marubuta suna son wannan sosai, amma in kullum alheri yana dawo da riba nan take to ya zama ciniki. Bar shi ya yi asarar, ta zauna asara.

In kana so ka ga yadda irin wannan matsi yake a gaske, dubi yaƙin Ajinku a 1415. Sarkin Ingila Henry na biyar, bai kai shekara 30 ba, mutanensa kaɗan ne kuma a gajiye, sun kama fursunonin Faransa masu yawa, sai ya ji tsoron za a sake kawo hari fursunonin su ɗauki makaman da ke zube su taso ta baya, ya ba da umarni a kashe su. Har yau ana gardama a kai. Sa jaruminka a daidai wannan wuri, rayukan mutanensa a hannu ɗaya alkawarinsa a ɗaya hannun, ka ga me zai yi. Ni dai a ganina in ya zaɓi alkawari sai ka bari wasu daga cikin mutanensa su mutu a dalilin haka kuma ya san sunayensu.

Wani abin da ya kamata ka yanke tun farko: mutuncin nasa su wa ya shafa? Wannan Baƙin Yariman da na ambata, da ya kama Sarkin Faransa a Fuwatiye a 1356 an ruwaito cewa da kansa ya tsaya yana yi masa hidima a wurin cin abinci, Turawa suka yi ta yabon karamcinsa. Amma shi ɗin ne dai a 1355 ya ratsa kudancin Faransa yana ƙone garuruwa da gonakin talakawa, kuma a 1370 mutanensa suka yi ɓarna a birnin Limoj. Karamci tsakanin 'ya'yan sarauta, wuta ga manomi. In irin wannan kake so ka rubuta to ka rubuta shi da saninka, zai yi daɗin karatu ma. In kuwa mai mutunci na gaske kake so, gwajinsa yana wurin rumbun wata tsohuwa a ƙauyen da ba wanda zai taɓa jin labarinsa, runduna ta kwana biyu ba abinci, ga gero a gabansu. Zai saya? Da me? Zai ɗiba ya bar mata shaida cewa bashi ne, kuma zai tuna ya biya bayan shekara? Zai hukunta amininsa da ya kama akuyar mutane kamar yadda zai hukunta bawa? Salahuddin da ya karɓi Ƙudus a 1187 bai rama kisan kiyashin da 'yan Salibiyya suka yi a birnin a 1099 ba, ya sa kuɗin fansa dinari 10 ga namiji, 5 ga mace, ƙasa da haka ga yaro, ɗan'uwansa Al-Adil ya roƙi a ba shi mutum dubu cikin waɗanda suka kasa biya ya sake su. Kuma da Salahuddin ya rasu a Dimashƙu a 1193 abin da aka samu a taskarsa bai isa hidimar jana'izarsa ba. Hannun shugaba a kan dukiya babban ma'auni ne, saboda haka ka rubuta ranar rabon ganima ko sau ɗaya, mu ga wa ya fara ɗauka, me aka ware wa matan waɗanda suka mutu, me ya rage masa shi.

Sannan ka ba shi aikin shugaba, ba na mai sara kawai ba. Yawancin ranakun shugaban yaƙi lissafi ne. Doki ɗaya a lokacin zafi yana shan ruwa lita 30 zuwa 40 a rana, yana cin kusan kilo 10 na ciyawa da hatsi, to ka lissafa dawakai 500 ka ga irin rijiyar da za ta ɗauke su. Runduna mai dakarun ƙasa da kaya da jakuna da wuya ta wuce kilomita 15 zuwa 20 a yini. Rigar sulke kaɗai tana kai kilo 10. In ƙasar labarinka ta yi kama da tamu to yaƙi na rani ne, bayan an kai amfanin gona gida, da damina koguna sun cika mayaƙa kuma hankalinsu na gona, in aka nausa kudu cikin kurmi ƙudan tsando ya gama da dawakai ba tare da an harba kibiya ko ɗaya ba. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidin nan yana tare kibiya mai dafi amma yana da nauyi yana gajiyar da doki, kuma tunda cushe yake da auduga wuta ce maganinsa. Duk waɗannan ba ado ba ne, wuraren nuna hali ne. Shugaban da yake zagaya sansani da dare yana duba ƙafar dawakai da Shamaki, wanda ba ya cin abinci sai ya ji 'yan baka na can ƙarshen sahu sun samu, wanda ya san wane dakare ne matarsa ta kusa haihuwa, shi ne wanda in ya ce a tsaya za a tsaya. In ka nuna mana wannan sau biyu sau uku ba sai ka ce mutanensa suna sonsa ba.

Ka bar shi ya ja da baya ko sau ɗaya. A Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira kwamandoji uku suka yi shahada a jere, Zaid mahaifin Usama da Ja'afar da Abdullahi bin Rawaha, Khalid bin Walid ya karɓi tuta ya yi dabara ya janye rundunar mutum 3,000 daga gaban wadda ta ninka ta nesa ba kusa ba. Da suka dawo Madina wasu suna ce musu gudaddu, Annabi (SAW) ya kare su. Ga yaro ɗan 19 wanda ya fi tsoron gori fiye da mashi, ya ce a juya alhali ya san abin da 'yanmatan gari za su rera a kansa, wannan ya fi masa wuya a kan ya kutsa ya mutu.

To sai ɓangaren tsafi da aljanu, tunda labarin ƙirƙira ne. Ka sa takobin sihiri, ka sa dodanni da tsuntsun da ake hawa, ba laifi, shi ne ma daɗin abin. Sharaɗi ɗaya ne: kar sihiri ya ɗauke masa nauyin zaɓi. In duk lokacin da ya shiga tsaka mai wuya sai wata aljana ta bayyana ta warware, to ka kashe duk abin da muka gina a sama. Juya abin, sihirin ya zama shi ne jarabawar. Boka ya zo ya ce ga nasara gobe ba tare da ka rasa mutum ko ɗaya ba, abin da ake so kawai a zuba wannan ƙullin a rijiyar birnin, ko a ba da yaro ɗaya cikin bayi wanda ba shi da kowa. Ko takobin da ba a cin mai shi da yaƙi amma duk zarewa sai ya rage masa tausayi, har wata rana ya ga gawar yaro bai ji komai ba, ya tsorata da kansa. Kuma abokin gabarsa ya kasance yana amfani da abin da shi ya ƙi, yana kuma cin riba ƙiri-ƙiri, don mai karatu ya ji zafin.

Magana kuma a rage masa. Kirari aikin maroƙa ne da masu tambari da kakaki, su yi ta yi, shi kuwa in ana wasa shi ya ji nauyi don ya san wanda ya mutu jiya kafin a samu abin da ake yabon. Dogon jawabi kafin yaƙi sau ɗaya ya isa a littafi guda. Yabo mafi ƙarfi shi ne wanda ya fito daga bakin abokin gaba, a ce sarkin da suke yaƙa yana gaya wa fadawansa cewa in yaron nan ne ya ba da alkawari a buɗe ƙofa. Soyayya in za ka sa ka sa, amma ita ma ta zo da farashinta, kar ta zama hutun rabin lokaci. Kuma duk abin nan yana aiki in mace ce ke riƙe da tutar, mu da muke da Amina ta Zazzau ba sai an yi mana dogon bayani ba, Faransawa ma suna da Jan Dak da ta shiga Orleyan a 1429 tana da kusan shekara 17, tuta take riƙewa a fagen fama kuma tana hana sojoji sata da zage-zage.

Abu na ƙarshe da za ka shirya tun kafin ka kai rabin labari shi ne Sarkin da yake yi wa yaƙi. Yaro mai nasara wanda runduna ke so, fada ba ta barinsa lafiya. Muhammad bin Ƙasim ya ja runduna zuwa Sindh yana da shekara 17 wajen 711, da mulki ya sauya a 715 sabon Halifa ya sa aka dawo da shi, ya bi umarni, ya mutu a kurkuku a Iraƙi. Khalid kuma Sayyidina Umar ya sauke shi daga shugabanci yana kan ganiyarsa, ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashin Abu Ubaida. Biyayya ga na gaba tana cikin abubuwan da jaruminka ya ɗauka a wuyansa, kare marar ƙarfi ma tana ciki, to ka kawo ranar da manzon Sarki zai iso sansani da takarda cewa a ƙone garin da Yarima ya riga ya ba aminci. Ga runduna a bayansa da in ya ce a juya kan fada za su juya. Zai iya bin umarni ya karya alkawari, zai iya tawaye ya jefa ƙasa a yaƙin basasa, zai iya ajiye tuta ya tafi fada shi kaɗai ya miƙa wuyansa bayan ya buɗe wa mutanen garin hanya sun fice da dare. Rubuta dukkan ukun a takardar gefe, kowanne shafi ɗaya, da sunayen waɗanda za su mutu a kowanne, sannan ka koma ka karanta babin kuskurensa na farko kafin ka zaɓa.